Bitcoin a madadin naira? A fara duba wanda ke riƙe da makunnin sabis

Duk lokacin da naira ta sake faɗuwa, sai maganar ta dawo bakin matasanmu na Gusau da Ƙaura Namoda, har da mu da ke waje: me zai hana Najeriya ta bi sawun El Salvador, ta mayar da Bitcoin (kuɗin intanet irin wanda ake kira kirifto, da ba wata gwamnati ke buga shi ba) kuɗin ƙasa, kowa ya huta da Babban Banki da buga takarda? Masu faɗin haka suna da dalili. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haye 1,500. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ajiyarsa ta narke a hannunsa haka, dole ya nemi mafita. Sai dai ni a ganina an ɗauko magani ba a duba ciwon ba.

A nan yankin Washington da Maryland inda nake zaune, 'yan El Salvador na cikin baƙin da suka fi yawa, kuma kuɗin da ire-irensu ke aikawa gida ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasarsu. Da sunansu aka tallata dokar, wai za su daina biyan ladan aika kuɗi. To ga abin da gwamnatin Nayib Bukele ta tanada. Majalisa ta amince da dokar a Yunin 2021, ta fara aiki ranar 7 ga Satumba. An tilasta wa 'yan kasuwa karɓar Bitcoin. An fito da manhajar gwamnati mai suna Chivo, duk wanda ya yi rajista da lambar katin ɗan ƙasa aka zuba masa kyautar dala 30. An kafa injinan cirar kuɗi kusan 200. Sannan aka ware dala miliyan 150 a wani asusun amana, domin mai shagon da aka biya da Bitcoin ya iya juya shi zuwa dala nan take, asarar canjin farashi ta hau kan gwamnati.

A lura da kyau: kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin gwamnati ne. Manhajar tata ce, makullan asusun suna hannunta, kuɗin garantin daga baitulmali suka fito. Kuɗin da aka ce ya zo ne don a rabu da hukuma, bai iya tsayawa a kasuwa ba sai da hukuma ta goya shi.

Sakamakon kuma ba a ɓoye yake ba. Tun makonnin farko mutane da dama suka je rajista suka tarar wani ya riga ya yi amfani da lambar katinsu ya kwashe dala 30 ɗin. Binciken da wasu masana tattalin arziki na Amurka suka yi a 2022 ya gano fiye da rabin waɗanda suka sauke manhajar ba su sake amfani da ita ba bayan sun kashe kyautar. Kuɗin da ake aikawa gida ta hanyar kirifto bai kai kashi 2 cikin 100 na jimillar shekara ba, shagunan aika kuɗi na unguwanninsu a nan kuwa dala suke karɓa, dala ake miƙa wa iyali a can. A Janairun 2025, saboda rancen dala biliyan 1.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, majalisar ta gyara dokar: karɓar Bitcoin ya koma ganin dama, haraji kuma da dala kawai za a biya. Wani abin da masu kawo misalin kan tsallake shi ne, El Salvador ba ta da kuɗin kanta da take bugawa, tun 2001 dalar Amurka take kashewa. Babu abin da ta sadaukar. Najeriya kuwa naira za ta ajiye.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta gwada a Afrilun 2022, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun intanet. Babban bankin ƙasashen yankin da ke kashe sefa ya ƙi amincewa, kotun tsarin mulki ta soke shirin sayar da takardar zama ɗan ƙasa da filaye ta hanyar Sango Coin, kuɗin kirifto da gwamnatin ta ƙirƙiro, a Maris 2023 majalisa ta janye matsayin Bitcoin na kuɗin ƙasa. Shekara guda bai cika ba.

Yanzu a dawo gida, inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A makon da El Salvador ke ƙaddamar da Bitcoin, a makon ne Zamfara ke cikin duhun sadarwa. Ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce, a ƙananan hukumomi da yawa ya ɗauki watanni. Mai POS ya rufe, taransifa ta tsaya, mutane na fita jihohin maƙwabta don kiran waya kawai. Abin da ya ci gaba da sayen gero da magani shi ne takardar naira da ke aljihu. Da a ce kirifto ce kuɗin ƙasa a lokacin, wasiƙa ɗaya daga Abuja ta isa ta tsayar da cinikin jiha guda. Gaskiya ne babu gwamnatin da za ta iya kashe Bitcoin a duniya. Amma ba sai ta kashe shi ba, turken sabis ɗin da ke bayan gari kawai za ta kashe.

Takardar ma ta taɓa ba mu kunya, ba na musu. A farkon 2023, sauya fasalin 200 da 500 da 1,000 ya sa mutane sayen naira da naira a hannun masu POS, dabbobi suka yi kwantai a kasuwanni don babu tsabar kuɗi. Sai dai a duba yadda aka fita. Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Akwai wanda aka kai ƙara, akwai wanda ya yi hukunci. Haka da aka soke lasin bankin Heritage a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta biya masu ajiya har naira miliyan 5 kowane. Waɗanda kuɗinsu ya nutse a CBEX, dandalin zuba jari na kirifto da ya rushe a Afrilun 2025 fa, ƙofar wa za su ƙwanƙwasa?

Sai batun farashi, wanda shi ke karya duk wani lissafin manomi. Bitcoin ya kai wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya sauko wajen 16,000, a Disamban 2024 ya haye 100,000. Wanda ya sayar da waken suyarsa ya ajiye kuɗin a Bitcoin a lokaci na farko, shekara na zagayowa bai da ko rubu'in dukiyarsa. Wanda kuma ya ci bashin Bitcoin a lokaci na biyu ya zo biya a na uku, ninki shida zai biya. Noman Talata Mafara da Bakura a kan bashi yake tafiya, a karɓi taki da damina a biya da kaka. Albashi, kuɗin haya, sadaki, duk alƙawura ne na gaba, kuma alƙawari ba ya ƙulluwa da mudun da ke canza girma kowace safiya. Ga kuma nauyin cinikin kansa: asalin hanyar Bitcoin tana rufe shafi ne kusan kowane minti goma, kuma ba ta ɗaukar fiye da ciniki bakwai ko makamancin haka a daƙiƙa. Ƙananan saye-saye sai an bi ta wata hanya ta biyu, wadda yawanci wani kamfani ne ke riƙe maka kuɗin. An koma banki ke nan, amma bankin da ba shi da mai sa ido.

Hujja mafi ƙarfi da masu son Bitcoin ke da ita ita ce adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, babu shugaban da zai sa a ƙara bugawa. Na yarda buga kuɗi ya cuce mu. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce rancen wucin gadi da zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma aka tara har naira tiriliyan 22.7, majalisa ta mayar da shi bashi na dogon zango a Mayun 2023. Wato iyakar tana rubuce, aka taka ta. Gwamnatin da ta taka wannan dokar ita ce za ta riƙe asusun Bitcoin na ƙasa, ita za ta ba da kwangilar manhaja, ita za ta ce ga adadin da ta saya. Ko eNaira, nairar intanet da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Oktoban 2021 da cikakken goyon bayan Babban Banki, binciken Asusun Ba da Lamuni ya nuna sama da kashi 98 cikin 100 na asusunta ba a taɓa su a mako.

Abin da 'yan kasuwarmu ke amfani da shi a zahiri ma ba Bitcoin ba ne, USDT ne, wato dala a waya. Na waje ya saya, ya tura zuwa adireshin na gida, na gida ya sa a kasuwar mutum da mutum, dandalin ya riƙe kuɗin amana, mai saye ya yi taransifar naira, sannan a sakar masa. Inda ake faɗawa rami sanannu ne. A zaɓi hanyar turawa da ba ta dace da adireshin ba, kuɗin ya maƙale ko ya ɓace. A saki kuɗi bisa alat na bogi ba a buɗe manhajar banki an ga shigarsa ba. Ko mai sayen ya biya da kuɗin sata, a bi sawu a rufe asusun wanda bai ji ba bai gani ba. Akwai kuma wanda ba a cika tunawa ba, gado. Asusun da mutum ke riƙe da kansa kalmomi 12 ko 24 ne makullinsa. Idan ya rasu bai bar su a hannun amintacce ba, alƙalin kotun shari'a zai iya rubuta wa banki ya kawo bayanin ajiyar mamaci, amma ba shi da wanda zai rubuta wa a nan. Haƙƙin marayu yana nan ana kallonsa, ba mai iya taɓawa.

A nan ne aikin hukuma yake, kuma shekarun baya rawa ta yi ta yi: ta hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ta janye a Disamban 2023, ta tsare jami'an Binance, babban dandalin cinikin kirifto, a 2024. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wannan mataki ne mai kyau in za a bi shi. Duk dandalin da ke karɓar naira ya kasance da lasin da ofishi a Najeriya, a raba kuɗin abokan hulɗa da na kamfani, mai binciken kuɗi na waje ya riƙa tabbatar da ajiyar tana nan, a kuma tilasta wa kowane dandali rubuta magajin mai asusu tun ranar rajista. Jerin masu lasin ɗin a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon Gusau, domin wanda ake yaudara da ribar ninki biyu a wata ba ya shiga shafin SEC.