Ba a fafe gora ranar tafiya: ni da boila a Manchesta

A Katsina ba wanda ke yi wa sanyi wani shiri. In hazo ya sauko a Disamba, sai a buɗe akwati a ciro bargo, a sayo man kaɗanya saboda faso, da asuba a hura kara a tsakar gida yara su kewaye. Kafin ka ankara Fabrairu ta wuce, zafi ya koma bakin aikinsa. Sanyinmu baƙo ne. A nan Manchesta kuwa shi ne mai gida, daga Oktoba har Afrilu yana nan zaune daram, kuma abin da ya raba ka da shi wata na'ura ce mai kama da farin akwati a bangon kicin, ana ce mata boila. Gas take ci, ta dafa ruwa, ta tura shi ta bututu zuwa ƙarafan da ke manne a bangon kowane ɗaki, wato radiyeta.

Mu 'yan gida riƙon janareto muke yi mata: a yi ta mora har ranar da ta ƙi tashi, sannan a shiga neman mai gyara. Haka na yi ta yi har ƙarshen Fabrairun 2018, makon da iska daga gabas ta lulluɓe Birtaniya da dusar ƙanƙara. Na tashi sallar asuba na tarar da gida kamar cikin randa. Duk mai gyaran da na kira sai ya ce in bi layi. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta fito da ni waje ta nuna min wani siririn bututun roba da ke fitar da ruwan boila zuwa kwata. Ya daskare, na'urar kuma ta kashe kanta. Ta ce in zuba masa ruwan ɗumi, ban da tafasasshe. Da butar alwalata na yi aikin, sahu uku, hannu na karkarwa, sai ga boila ta yi gyaran murya ta tashi.

Tun daga nan, a Satumba nake kunna ta, tun ba a buƙata, don in ji lafiyarta. In bi radiyeta ɗaya bayan ɗaya ina shafawa. Wadda ƙasanta ya yi zafi samanta ya yi sanyi, iska ce ta maƙale a ciki: ɗan makulli ne za ka murɗa a kusurwa, ka tara tsumma, ta yi ta tsiii har ruwa ya ɗigo, ka rufe. Sai in duba allurar agogon da ke nuna ƙarfin matsin ruwan boila, in ga tana tsakanin 1 da 1.5 lokacin da boilar ta huce. Wancan bututun na waje kuma ya samu rigarsa ta soso. Iyakata ke nan. Cikin boila ba wurin gwanintar ɗan koyo ba ne, doka ma ta ce sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar ƙwararrun da aka amince su yi aikin gas. In haya kake, wajibi ne mai gida ya kawo a duba kowace shekara ya ba ka takarda. Na san 'yan'uwa da kara ke hana su tambayar wannan takarda, kamar sun roƙi bashi. Wannan kara ba ta da gurbi a nan.

Dalili kuwa shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba launi ba wari, take sa ciwon kai da jiri, mutum ya kwanta barci ya zarce. Shi ya sa tun Oktoban 2022 doka a Ingila ta tilasta wa masu gidajen haya sa ƙararrawarta a ɗakin da boila take. A nan ne kuma hankalina ke komawa gida, don kaskon garwashi ma ita yake fitarwa. Mun taso ana cewa in hayaƙi ya ƙare, gawayi ya yi ja, shi ke nan a shiga da shi ɗaki. Garwashin da ba ya hayaƙi bai daina fitar da gubar ba.

Na faɗa wa Hajiya haka a waya. Ta ce, "Kai Malam, tun ba a haife ka ba muke kwana da kasko." Gaskiyarta. Amma a wane ɗaki? Ɗakin ƙasa mai asabari a ƙofa, iska na shiga tana fita ta ko'ina, katangar kuma ta sha rana ta riƙe ɗumi har dare. Yanzu ɗakinta na bulo ne, da silin, da tagar gilas, da ƙofar ƙarfe, kuma in muku-muku ya yi tsanani har tsumma ake cusawa a ƙasan ƙofar. Ginin ya sauya, kaskon yana nan yadda yake.

Na riga na sayi ƙararrawa biyu masu batir, suna cikin jakar da zan tafi da ita gida a Disamba. Da na gaya mata, ta yi shiru, can ta ce to, in haɗo mata da safa mai kauri da man zafi.