Ba 5G ce za ta fitar da mu ba

Wani marubuci ya ce 5G, wato fasahar intanet mai sauri ta wayar salula, za ta kawo ƙarshen cunkoson intanet a Najeriya. Malam, a yi haƙuri, ban yarda ba. Turakun sabis ɗin nan da wayar ƙarƙashin ƙasa suka dogara, kuma ita ce ba ta wadata ba. Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, har hada-hadar wasu bankuna sai da ta samu tsaiko. A nan gida ma, katafilar masu aikin titi guda ɗaya ta isa ta datse waya, unguwa ta kwana ba sabis.

Ni sana'ar POS nake yi a Kano. Da an idar da sallar isha'i kowa ya hau TikTok, sai na'urata ta yi ta juyi, kwastoma na tsaye da katinsa yana harara ta kamar ni na riƙe masa kuɗi. Ga shi kuma an ƙara kuɗin data da kashi 50 a farkon 2025.

Gwamnati ta yi alkawarin shimfiɗa waya kilomita 90,000. To, Allah Ya sa ta kai ƙauyuka, a kuma sama wa turakun lantarki, don har yanzu dizal suke sha dare da rana.