Matasan Damagaram, mu daina zubar da wakenmu a kaka

'Yan uwa samari, ku ba ni aron kunnenku kan zancen wake. Kowace kaka abu guda muke maimaitawa, ana gama roro sai a sussuke a ɗora a amalanke a nufi kasuwar Dole ko Matameye ko Magarya, a sayar a lokacin da kowa ke sayarwa kuma tiya ba ta da daraja, sannan bazara na shiga mu koma muna sayen waken nan da tsada a hannun wanda ya iya ajiya. In ka tambaya sai a ce maka ai ƙwari ne, in an ajiye sai ya zama gari. Gaskiya ne ƙwaron wake ba ya wasa, tun daga gona yake biyo shi, amma dan Allah wannan matsala an daɗe da samo maganinta.

Buhun PICS nake nufi, mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, kuma tun wajen 2007 ake yaɗa shi a Nijar tare da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa. Ba magani ko kaɗan a ciki, iska kawai yake tsarewa, ƙwarin su shaƙe wadda ta rage su mutu. Sai dai fa yana da sharaɗi kuma nan ne mutane ke kuskure su dawo suna cewa buhu bai aiki. Wake ya bushe ƙarau kafin a zuba, a fidda tsakuwa da ƙaiƙayi da duk abin da zai huda leda, a matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai ba a haɗa su ɗauri guda ba, a ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kuma kar a riƙa buɗewa kullum ana ɗiban na girki, na ci a ware shi daban. Wanda bai samu buhun ba ko bido mai murfin kirki in an cika shi taf an toshe yana yi.

Abin da ke tada mani hankali shi ne masu jefa ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin cikin buhu su ajiye a ɗakin da yara ke kwana. Wallahi hayaƙinta guba ne, yana kisa. Wasu ma maganin feshin gona suke yayyafa wa waken da mutane za su ci. Ku ji tsoron Allah ku bari.

Sai harawa, wadda mu matasa muke rainawa alhali kuɗi ce kwance. Kar ka bari ganye ya kakkaɓe kafin ka yanka, ƙarfin abincin a ganyen yake ba a kara ba. Yanka da sauran korenta, ta sha iska, a ɗaure dami-dami a kai inuwa ko rumfa. Wannan ɗabi'a ta jibge ta bisa soro ko kan icce rana na dukanta wata da watanni har ta yi fari, asara ce, rago zai ci ya cika ciki amma ba zai yi ƙiba ba, ga masu kiwon layya a birni suna neman mai kyau ido rufe.

Zancen iri kuwa, akwai TN5-78 na INRAN da IT90K-372-1-2 na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, waɗanda ke nuna cikin kwana 70 zuwa 75, wanda gonarsa ƙuduji ya addaba ya tambayi IT97K-499-35. Ban ce ku yar da irin iyayenmu ba, mai yaɗo ya fi ba da harawa, ku raba gonar ku gwada da idonku. Ku je wurin malamin gona na gundumarku tun yanzu ku tambayi inda ake samun iri mai shaida da buhu na ainihi, kar ku jira sai ruwa ya sauka.