Ista Ba Ta Fara Ranar Lahadi Ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, majami'a takan cika maƙil ranar Lahadin Ista, kowa da sabon ɗinki, amma ranar Alhamis kafin Ista da yamma sai ka ƙirga mutanen da ke kan benci. Wannan ci baya ne. A tsarin Katolika, daga yammacin Alhamis zuwa daren Asabar sujada ɗaya ce aka raba ta kashi uku. Shi ya sa ranar Alhamis Fada ba ya sallamar jama'a da albarka, ranar Juma'a kuma yakan shigo shiru, ya kwanta rubda ciki gaban bagade.

Alhamis ake tuna Jibin Ubangiji da wanke ƙafafun almajirai. Bayan waƙar ɗaukaka sai a daina kaɗa ƙararrawa har daren Asabar, a kwashe mayafan bagade a bar shi tsirara. Nan masu hidima suke yawan kuskure: ranar Juma'a ba a tsarkake gurasa, wadda aka tsarkake Alhamis ake rabawa. In ba a yi lissafin jama'ar kwana biyu ba, sai ta ƙare layi bai kai rabi ba.

Juma'a da misalin ƙarfe 3 na rana ake taruwa, sa'ar da Yesu ya mutu a kan gicciye. Ana karanta labarin shan wahalarsa daga Bisharar Yohanna, sura 18 da 19. Azumin ranar ya wajaba a kan mai shekara 18 zuwa 59: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Nama kuwa an hana shi tun daga mai shekara 14. Ruwa bai karya wannan azumi ba, a faɗa wa tsofaffi. Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara ke nan a Arewa, kuma tasha 14 na Hanyar Gicciye, wato addu'ar bin sawun Yesu zuwa inda aka gicciye shi, cikin wannan zafin rana ba wasa ba ne.

Daren Asabar ne ya fi damuna. Ƙa'ida ita ce a fara bayan duhu ya yi, a gama kafin gari ya waye. Ana hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir mai ƙwayar turare biyar, alamar raunukan Yesu biyar, a shiga da shi majami'a mai duhu, kowa ya kunna nasa daga gare shi. Inda matsalar tsaro ta tilasta a fara da wuri, ba mai ganin laifinsu. Amma a garin da ake zaman lafiya, kunna kyandir rana na haska tagogi gaggawa ce kawai. Haka ma yanke karatu: bakwai ne daga Tsohon Alkawari, ana iya rage su zuwa uku, amma Fitowa sura 14, ƙetare Jan Teku, ba a taɓa cire ta.