Bel Mai Tan Biyar da Kabad ɗin Amarya

Da aka sa ranar jeren ƙanwata a Zariya, sai aka ɗora mini alhakin raka kayan ɗakinta daga Kano, ni kuwa na ga dama ta samu da zan nuna wa dangi cewa zamanin igiya da robar tubu ya wuce. Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo bel guda biyu irin waɗanda direbobin tirela suke ɗaure kaya da su, masu ƙugiya a kowane baki, da wani ƙarfe mai haƙora wanda ake ɗaga hannunsa ana saukewa yana ƙas-ƙas. A ƙyallen da aka ɗinke a jikinsa an rubuta tan 5, kuma wannan adadi ne ya shiga kaina har ya hana ni tambayar mai shago yadda ake kwance shi.

Direban a-kori-kurar da muka ɗauka dattijo ne, ya riga ya fito da tsohuwar igiyarsa da ta yi baƙi don aiki. Na ce masa, "Baba, a ajiye igiyar nan, yau aikin ilimi za a yi." Ya dube ni, ya dubi bel, ya ce, "To, Malam, Allah ya ba da sa'a," sannan ya koma inuwar darbejiya ya ɓare goronsa.

Yadda ake yi, kamar yadda na sani daga baya, shi ne a zura bakin bel ta tsagar sandar da ke juyawa, a janye duk rarar da hannu har ya miƙe, sannan a ɗaga hannun ƙarfen kaɗan domin bel ya naɗe sau biyu ko uku kawai. Ni kuwa a kan katifa da gado ɗan baki kawai na zura, na bar wa ƙarfe ya cinye sauran, na yi ta bugawa har naɗin ya kumbura kamar gammo ya cushe, ba gaba ba baya. A kan kabad na gyara wannan kuskuren, amma ƙarar ta yi mini daɗi a kunne, na ci gaba da ɗagawa yara suna ƙirga mini, har sai da na ji wata ƙara daban wadda ba daga ƙarfen ta fito ba. Ashe tan biyar ɗin ƙarfin bel ne, ba juriyar kabad da aka yi da garin katako da gam ba.

Muna wuce Kura bel ya fara kuka a cikin iska kamar kukuma. Baba, ba tare da ya juyo ba, ya ce da na murɗa shi sau ɗaya kafin in maƙala ƙugiya da bai yi wannan waƙar ba. A Kwanar Dangora ya tsaya duba kaya, muka tarar katifa ta lotsa, bel ɗinta ya saki yana lilo, ga shi ba halin ƙara ɗaurewa tunda ƙarfen ya riga ya ƙoshi. Bai ce mini uffan ba. Ya buɗe bayan kujera ya ɗauko igiyarsa, ya yi mata ƙulli biyu, muka ci gaba da tafiya ina kallon gonaki kamar ban taɓa ganin dawa ba.

A Zariya mata sun cika ƙofar gida suna jiran kaya. Na hau mota da sauran mutuncina domin in kwance kabad, sai dai duk lokacin da na taɓa hannun ƙarfen ƙara matsewa yake yi, kabad kuma yana amsawa da nishi. Gwaggo ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ɗan nan, kayan za ka sauke mana ko kiɗa muka gayyato ka?" Wani yaron mota na maƙwabta, wanda bai fi shekara 15 ba, ya hau ya sa yatsu biyu ya ja wani ɗan ƙarfe da ke cikin hannun, ya buɗe shi gaba ɗaya har ya kwanta, bel ya saki nan take. Na katifa kuwa ko shi ya gagare shi, sai gwaggo ta aika aka kawo wuƙar yanka albasa, ta raba tan biyar gida biyu a gaban jama'a, wata ma har da rangaɗa guɗa.

Masu jere suka juya gefen kabad da ya lotsa ya fuskanci bango, suka lulluɓe samansa da leshi, dangin ango kuma suka yaba tsarin ɗakin. Ƙofarsa ta hagu dai har yau ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa, kuma na samu labari cewa a gidan ƙanwata ana kiran wannan ƙofar Yaya.