Lambar wayarka da bakinka

Na daɗe a Ingila kafin in san cewa a ƙasar nan ana iya ɗaure mutum don ya ƙi faɗin lambar sirrin wayarsa. Dokar RIPA ta 2000 ce, wadda ta tsara ikon bincike na hukuma, sashe na 49. 'Yan sanda su nemo izini, su miƙa maka takardar neman lambar, in ka yi gum, wannan shirun kansa laifi ne, daban da abin da aka kama ka a kai. Ɗaurin yakan iya kai shekara 2, in kuma batun tsaron ƙasa ne ko hotunan batsa na yara, shekara 5.

A Amurka kan alƙalai a rabe yake. Gyara na 5 na kundin tsarin mulkinsu ya hana a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa. Kotun ƙolin jihar Pensilbaniya a 2019 ta ce lambar tana cikin kan mutum, fito da ita magana ce, ba a tilastawa. Ta Niyu Jasi kuwa a 2020 ta ce a tilasta. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne buɗe waya da yatsa: kotuna da dama na ɗaukarsa kamar makullin da aka zaro daga aljihunka, don danna shi a jikin waya ba furuci ba ne.

Mu a Najeriya, takarda ba ta rage mu da komai ba. Sashe na 35(2) na kundin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya. Amma je ka bakin shinge da dare, a haska maka tocila a fuska, a ce "buɗe mana wayar nan", ka gani ko za ka tuna da wani sashe. Binciken wayoyin matasa yana cikin abin da ya hura wutar zanga-zangar EndSARS a 2020.

Ni dai ina bayan Pensilbaniya. Na san masu cutar da yara suna fakewa da lambar sirri, kuma ba na raina wannan hujja. To a nemo sammacin kotu, a kira ƙwararru su fasa wayar. Baki shi ke yanka wuya, amma bai kamata hukuma ta buɗe shi da ƙarfi ba, balle a kan abin da ke ɗauke da hirarka da matarka, da bashin da ake bin ka, da hotunan 'ya'yanka.

Tuni na cire yatsa daga tawa, na koma lamba shida.