Ba sai an kashe aure ba kafin tsohuwa ta samu abokan hira

Wani rahoto ya ce dattawan mata da yawa suna zaune a gidan miji cikin kaɗaici. Gaskiya ne, amma ban yarda da masu cewa a kai ƙara Hisbah ko a nemi saki ba. Mace ta haura sittin, 'ya'ya duk sun yi aure, ina za ta? Gidan ƙanenta?

Gwaggona a Gwale haka take. Malam ya dawo daga majalisa bayan isha'i, ya ci tuwo, ya kunna rediyo, shi ke nan. Islamiyyar matan aure ce ta fito da ita. Daga nan ta shiga adashi da 'yan ajinsu, suka riƙa saro atamfa a Kantin Kwari suna kaiwa gidajen biki. Yanzu in ta yi kwana biyu ba ta je ba, sai ga mata a tsakar gida da kunun gyaɗa, sun zo dubiya.

Maza dai suna da masallaci da majalisa. Amma wani sai ya hana matarsa fita, wai me tsohuwa za ta je yi. Ya kamata limaman unguwa su taɓo wannan a huɗubar Juma'a, don wata ko gaisuwar mutuwa sai ta yi ta roƙo.